Bel ɗin mota da kuben bindiga: gefen ƙugu ko gaban mara?

Ɗan'uwanmu jami'in tsaro, wanda aikinsa ya ba shi izinin ɗaukar ƙaramar bindiga kuma yake yawan tuƙi mai nisa cikin farin kaya, ya tambaya ko wanne ya fi dacewa da bel ɗin mota tsakanin ɗaura kube a gefen ƙugu da ɗaura shi a gaban mara. Ya ƙara da cewa takurar ta kai har yakan bar bel ɗin a kwance. Yallabai, wannan na ƙarshe shi ne abin da ba za a yarda da shi ba, domin hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke kujerar gaba a ƙaramar mota da kashi 45 cikin ɗari, kuma karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsawon mita goma.

Bel mai maɗauri uku, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo a 1959, an yi shi ne don ya kama ƙashi. Igiyar ƙasa tana kwanciya a kan ƙashin ƙugu, can ƙasa kusa da cinya, ta sama kuma tana ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji. Duk wani abu mai tauri da ya shiga tsakanin igiyar da jiki zai tara ƙarfin karon a wuri guda. Da wannan ma'auni za a gwada wuraren biyu.

Matsalar gefen ƙugu ta samo asali ne daga tsarin motar kanta. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar Nijar da Amurka, saboda haka sitiyari yana hagu, maɓallin bel ɗin direba kuwa yana dab da ƙugunsa na dama, daidai inda mai amfani da hannun dama yake ɗaura kubensa. Sai mariƙin bindigar ya riƙa gugar maɓallin, gefen kujera kuma yana tura shi cikin haƙarƙari. Mutane da yawa sukan matsar da kuben baya kaɗan don su sami sauƙi, amma sai nauyin jiki ya danne shi a jikin kujera, bayan tafiyar awa biyu ko uku baya ya fara ciwo. Wanda ya kai shi har tsakiyar baya ya sa ƙarfe a kan ƙashin bayansa, kuma idan wata mota ta buge shi ta baya, nan ne jiki zai fara haɗuwa da kujera. Amfanin gefen ƙugu shi ne igiyar ƙasa tana kwanciya a gaban jiki ba tare da cikas ba, bakin bindigar kuma yana kallon ƙasa ta wajen cinya. Bahago, da wanda ke zaune a kujerar fasinja ta gaba, ba su cika haɗuwa da matsalar maɓallin ba, tunda yana ɗaya gefen.

Gaban mara ya kauce wa maɓalli da kujera gaba ɗaya, shi ya sa masu tuƙi da yawa a Amurka suka fi son sa, kuma hannu yana isa gare shi daga zaune. Sai dai nan ne hanyar igiyar ƙasa. Idan aka ɗora ta a kan bindigar, to a lokacin karo za ta danna ƙarfen cikin mafitsara da hanji. Idan kuma aka ɗaga ta sama da mariƙi don a ji daɗi, ta bar ƙashi ta koma kan tumbi, wanda shi ne ke jawo raunin ciki mai tsanani. Abin da ya kamata shi ne a saukar da igiyar ƙasa sosai ta bi bayan mariƙin ta manne da jiki, sannan a ja igiyar sama don a cire sako-sako. Akwai kuma batun bakin bindigar, wanda a zaune yake fuskantar wajen babbar jijiyar jini ta cinya. Don haka wannan wuri ba ya karɓar kube na yadi ko tsohuwar fata da ta yi laushi. Dole ya zama mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, kuma ba a mayar da bindiga cikinsa a zaune. Mai babban tumbi zai ji jiki a nan.

Kaftani ko jamfa yana ƙara wa duka biyun wahala, domin igiyar ƙasa tana danne rigar a kan kuben. Maganinsa shi ne a ɗaura bel tukuna, sannan a zaro gaban rigar daga ƙarƙashin igiyar a sake shi a kai.

Wasu za su ce a cire bindigar a ajiye a kujera ko ƙarƙashin cinya. A Afrilun 1986, a artabun da jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi da 'yan fashi biyu a birnin Miami, wani jami'i ya zare tasa ya ajiye a kujera kafin a tsayar da motar 'yan fashin, da motocin suka yi karo sai ta kuɓuce masa, bai sake samun ta ba har aka gama harbe-harben.

A ganina, Yallabai, idan da hannun dama kake aiki kuma kai ne direba, ka fara gwada matsar da kuben gaba kaɗan daga gefen ƙugu, yadda zai wuce maɓallin amma bai hau tsakiyar mara ba, in dai ƙa'idar hukumarku ta yarda. Ka yi gwajin a mota tsaye da bindigar da aka cire wa harsashi aka kuma tabbatar babu ko ɗaya a ciki, ka ɗaura bel ka kwance sau da yawa, ka tabbata kana iya danna maɓallin da hannu ɗaya ba tare da ka taɓa mariƙin ba.