Gonar da ta gaji: ƙarin yuriya ko waken suya?

Malam, kan gonar masarar nan taka da ganyenta na ƙasa-ƙasa ke yin rawaya duk shekara, kana tambaya ko ka ƙara buhun takin yuriya ko ka juya ta zuwa waken suya. Ni dai waken suya zan ce maka.

Ina da wata gonar jigawa da muka gada, masara ta daina yi a cikinta, ƙuduji ya mamaye ko'ina. Na hutar da ita da waken suya, na zuba ɗan takin supa lokacin shuka. Da ya fara fure na tuge gindi ɗaya, sai ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar kamar ƙuraje. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja, alamar yana aiki ke nan. Daminar da ta biyo baya na mayar da masara, ganye ya yi kore shar har ta yi goyo, ƙuduji ma ya ragu, domin saiwar waken suya tana sa irin ƙudujin ya tsiro alhali ba zai samu abin kamawa ba, sai ya mutu. Har yau ina jin daɗin shiga gonar nan.

Abin da ke faruwa shi ne, masararka ba ta samun isasshen naitirojin, sinadarin da ke sa ganye kore. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma masara, dawa da gero ba sa iya ɗaukarsa daga iska. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Rhizobium, masu zama cikin ƙulle-ƙullen saiwar wake, gyaɗa da waken suya, su ne ke kamo shi su mayar da shi abincin shuka. In ganye ya zuba, saiwa ta ruɓe, wasu ƙwayoyin na cikin ƙasa su narkar da shi yadda saiwar masara za ta sha. Dabba ta ci harawa, kashinta da fitsarinta su dawo da shi gona. Wani kaso ruwa ya wanke shi zuwa ƙasa can, wani kuma ya koma iska, musamman inda ruwa ke kwanciya. Gawo ma wannan aikin yake yi, shi ya sa geron gindinsa ya fi na gefe, shi ya sa kuma manoman Damagaram ke barinsa ya tashi a gonakinsu.

Sai dai ka kula da wannan sosai: mafi yawan naitirojin ɗin yana tafiya cikin ƙwayar da za ka kai kasuwa. In ka tuge waken da saiwarsa, ka sussuke a gida, ka ƙone ragowar, kaɗan ka bar wa ƙasa. Yanka shi za ka yi, ka bar saiwar, ka mayar da ƙaiƙayin da takin dabbobi gona.

Yuriya kuwa, ba zan hana ta haƙƙinta ba, tana da sauri. Kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50. Amma in ka watsa ta a sarari ba ka binne ba, wani kaso iska zai bi, in ruwa mai ƙarfi ya sauka a jigawa ya tafi da saura, kuma baɗi sai ka sake saya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da taki a bakin damina. Akwai masu kwance buhu su cuɗa da yashi ko gishiri su sake ɗinkewa, akwai masu rage awo. Duba ɗinkin bakin buhun, ka sa a ɗora shi a sikeli a gabanka. Ɗebi kaɗan ka zuba a kofin ruwa: yuriya ta gaskiya tana narkewa tas, ruwan kuma ya yi sanyi a hannu. In ka ga wani abu ya kwanta a ƙasan kofin, bar musu kayansu.

Saboda haka bana ka sa waken suya da supa. In ka samu NoduMax, hodar bakteriyar da cibiyar binciken noma ta IITA ke yi, ka cuɗa irin da ita a inuwa ka shuka a ranar, don rana tana kashe ta. Baɗi ka mayar da masara, ka ba ta takin kamfa da farko, yuriyar kuma ka rage ta, ka binne a gefen gindi lokacin da ƙasa ke da danshi.