Duban Abokan Sana'a ko Gwajin Masu Amfani?

Ƙungiyar da ke son gyara shafinta na intanet tana iya miƙa shi ga abokan sana'a, wato masu tsara shafukan intanet, su duba, suna bin ƙa'idoji 10 da Jakob Nielsen, masani kan sauƙaƙa amfani da shafuka da manhajoji, ya tsara a 1994. Wannan ya fi sauri da araha, sai dai idonsu ya saba da harkar, abin da ke rikita baƙo ba ya rikita su.

Ɗaya hanyar ita ce a zaunar da masu amfani da shafin, a ce su cike fom ko su nemo adireshin ofis, a zuba ido ba tare da an taimaka musu ba. Tana cin lokaci, amma na fi amincewa da ita, domin a lissafin Nielsen mutum biyar sukan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin.