Gwajin tayiroyid na wannan ɗakin gwajin jini bai dace da mai ciwon hanta ba

Wajen ɗibar jini da saurin fitar da sakamako ba ni da ƙorafi a kansu. Kunshin gwajin ne ya ɓata min rai: TSH (sinadarin da ke sa tayiroyid, wato halittar da ke gaban wuya, ya yi aiki) da jimillar T4 da jimillar T3 (sinadaran da tayiroyid ke fitarwa), babu FT4 (T4 ɗin da ke sake a jini), kuma ba wanda ya tambayi mara lafiya abin da ke damunsa. Mutum na fama da kumburin hanta, shawara ta fito masa a ido, ALT, ma'aunin lahanin hanta, ya haura ɗaruruwa, sai takarda ta fito da T4 a 14, har da jan layi wai ya yi yawa. TSH kuwa 1.8, lafiya lau.

Na'urarsu ba ta yi ƙarya ba, gwajin ne bai dace ba. Fiye da kashi 99 cikin ɗari na T4 da ke jini a ɗaure yake jikin furotin, galibi TBG, kuma hanta ce ke haɗa shi. Idan ta kumbura sai TBG ya ƙaru a jini, ya riƙe T4 da yawa, jimilla ta wuce 12 ɗin da aka saba ɗauka iyaka. Sakakken, wato FT4, shi ke aiki a jiki, kuma yawanci yana nan daidai. In ciwon ya daɗe har hanta ta ƙanƙance, T3 ne ke faɗuwa, don hanta na cikin manyan wuraren da ake juya T4 ya koma T3.

Da aka koma aka nemi FT4 sun yi ba gardama, ya fito 1.2, wato daidai. Nan kam na ɗan huce.

Amma da na sake duba takardar farko sai raina ya ƙara ɓaci. Ko layi ɗaya na gargaɗi babu. Mai gaggawa ya ga jan layin nan zai iya ɗora mutum kan carbimazole ko PTU, magungunan rage aikin tayiroyid, alhali dukansu suna iya taɓa hanta, musamman PTU. Hantar da ta riga ta jigata!

Mai ciwon hanta da zai je wurinsu ya nemi TSH da FT4 tun farko, ya dakatar da ƙwayar biotin (bitamin da ke iya rikita sakamakon) kwana 2 kafin ɗibar jini, in sakamakon ya zo da ruɗani a maimaita bayan kamar mako 6 da samun sauƙi.