Ƙwayar taunawa ko abin wuya: wanne ya fi kashe kaskar kare?

Ɗan'uwa, tsakanin ƙwayar taunawa da abin wuyan maganin kaska da ka tambaya, ƙwayar za ka saya. Duka biyun na gwada su da kuɗina, ba labari aka ba ni ba.

Akwai lokacin da in na ɗaga kunnen karyata sai in ga kaska jere kamar an shuka su, wasu sun ƙoshi da jini sun kumbura sun yi fari-fari. Tsakanin yatsun ƙafarta ma haka. Kullum da yamma ina zaune da hantsaki ina cira, gari na wayewa kamar ban taɓa ba. Ta rame, ko tarye ni a ƙofa ta daina. Da na kai ta wurin likitan dabbobi, ya ɗora ta a sikeli, ya ba ni ƙwayar Bravecto guda ɗaya daidai nauyinta, ya ce in haɗa mata da abinci. Bayan kwana biyu na shafa bayanta, sai ga kaska na zubowa a bushe a tafin hannuna. Wallahi ranar har ajiyar zuciya na yi.

Sinadarin da ke ciki, fluralaner, jinin kare yake shiga, kaskar da ta ciza ta sha sai ta mutu. Ƙwaya ɗaya tana iya riƙe kare har sati 12. Irin su NexGard da Simparica dangi ɗaya ne da ita, sai dai su duk wata ake bayarwa. Abin da ya fi kwanta mini shi ne wanka ko ruwan sama ba ya wanke ta, kuma yaro zai rungumi kare ba tare da magani ya shafe masa hannu ba. Amma a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan dangin magani na iya jawo wa wasu karnuka karkarwa ko farfaɗiya. In karenka ya taɓa yin farfaɗiya, faɗa wa likita tukuna. Kwikwiyon da bai kai sati 8 ba kuwa kada a ba shi.

Abin wuya, na gaske yana iya kai wata 8 yana aiki, ban musa ba. Nawa dai wari kawai ya yi, ya cinye mata gashin wuya, kaska kuma na zaune a gefensa.

Nan ne ma zan ja kunnenka: jabu ya yi yawa, musamman a abin wuya. Duk wanda ya miƙo maka magani ba kwali, ba lambar kamfani, ba ranar ƙarewar aiki, ko ya ɗura maganin wankan shanu a ƙaramar kwalba ya ce na kare ne, juya ka tafi. Haka mai cewa a raba ƙwayar babban kare biyu don a rage kuɗi. Araha mai yawa ita kanta alama ce.

Sai gidan. Kaskar kare mai ruwan ƙasa a cikin gida take hayayyafa. Macen in ta ƙoshi sai ta sauka, ta hau bango, ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai, 'ya'yan kuma suna iya yin watanni ba su sha jini ba suna jira. Shi ya sa nake cira suna dawowa. Wanke shimfiɗar karen da ruwan zafi, ka toshe tsagogin ɗakinsa, ka rage ciyawa. In za ka yi feshi, bi bango har sama, kada ka tsaya a ƙasa, ka fitar da dabbobi sai wurin ya bushe, sannan ka maimaita bayan sati biyu saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe. In akwai kyanwa a gidan, nisanta ta da duk maganin da ke da sinadarin permethrin, yana kashe ta. Karnukan gidan kuma duka za ka ba ƙwayar rana ɗaya.

In ka ga dasashin karenka ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ya ƙi abinci, cutar da kaska ke sawa ta riga ta shiga jini. Ƙwayar ba ta warkar da wannan, kai shi wurin likita a ranar.