Kwas ɗin tattalin kuɗin gida da muka yi a kwaleji: abin da na gani

Tun da muka gama jarabawa ƙawayena ke damuna da tambaya, wai kwas ɗin nan da nake ta zuzutawa a sitatus da gaske yana da amfani ko dai surutuna ne kawai. To yau yara sun yi barci da wuri kuma an kawo wuta, bari in zauna in faɗi abin da na gani, da mai daɗin da marar daɗin. Sunan makarantar kam ba zan faɗa ba, akwai ƙorafi a ciki kuma har yanzu sakamakona na hannunsu.

Ni dai NCE nake yi ɓangaren tattalin gida, karatun Asabar da Lahadi, ina aure nan cikin Katsina wajen Ƙofar Marusa da yara ukku, ina ɗan taɓa ɗinki ina kuma ƙulla zoɓo da kunun aya. Kwas ɗin dole ne a ɓangarenmu, ba zaɓa nai ba, kuma gaskiya da na ga sunanshi a takardar rijista cewa nai a raina yo mu da kuɗin ba su kwana a hannunmu mi za a koya mana tattalawa.

Sati biyar na farko kam ɓata kuɗin napep ne. Malamin da ya fara ɗaukarmu shigowa yake ya buɗe handawut ya yi ta karantawa muna rubutawa, alhali handawut ɗin an riga an sa mu saye shi dubu biyu da ɗari biyar, wanda bai saya ba kuma ya san makomar makinshi na tes. Fotokwafi ce ta fotokwafi, wasu shafukan sai ka ɗaga su saitin taga kafin ka gane rubutun, aji cike maƙil fanka ɗaya ce ke aiki ita ma in an ga dama. Wannan duk mai sauƙi ne, mun saba. Abin da ya fi ba ni haushi abin da ke cikin takardar, misalan duk da dala, ana ta maganar katin cin bashi na banki da bashin sayen gida da ake biya shekara talatin, ni duk zuri'armu ban san wanda ya taɓa mallakar gida ta haka ba, mu fili ake saye a yi ta tara bulo ana ɗora layi biyu-biyu har Allah ya sa a rufa. Sai kuma wata ƙa'ida da aka ɗauko daga Amurka wai 50, 30, 20, rabin abin da kake samu ya tafi ga buƙatun dole, kashi 30 ga abin sha'awa, kashi 20 ajiya. Wata 'yar ajinmu daga baya ta ɗaga hannu ta ce Malam don Allah a gwada mana da mafi ƙarancin albashi, dubu 70 ɗin da aka sa wa hannu a 2024, rabinshi dubu 35 kenan, a ciki za a ci abinci a biya haya a sayi ruwa wurin 'yan garuwa a biya kuɗin makaranta? Ya ce mu dai mu rubuta yadda yake, haka zai fito a jarabawa. Haka kuwa ya fito.

Allah ya taimake mu tsakiyar zango aka canza mana shi, aka kawo wata Malama mutuniyar Daura, dattijuwa haka, ba ta da hayaniya. Ranar farko ko handawut ɗin ba ta taɓa ba, cewa tai kowa ya sayo littafi mai ganye 40, ya raba kowane shafi biyu, shiga da fita, kwana 30 cif duk abin da ya shigo hannunka ko ya fita ka rubuta a ranar, ko naira hamsin ce ta alawar yaro. Maki ashirin ta ɗora a kai. Kuma ta ce ita uwa ce tana cefane, duk wadda ta zauna dare ɗaya ta cika littafin da ƙarya za ta gane, don mai ƙarya lambobinshi kullum a dunƙule suke, ɗari biyar, dubu, dubu biyu, ba ka ganin ɗari ukku da hamsin.

Wallahi littafin nan shi ne kwas ɗin gaba ɗaya a wurina. Da ni a tunanina abinci ke cinye mani kuɗi, sai da na zauna daren kwana na talatin da kalkuletar waya, fitila a gefe, ina haɗawa ina sake haɗawa don ban yarda da abin da nake gani ba. Sau 14 na je wurin mai POS a wata ɗaya, kullum dubu biyu dubu ukku nake cirewa wai don kar in kashe da yawa, kowane zuwa cajin ɗari, dubu ɗaya da ɗari huɗu kenan na ba yaron nan kyauta, ban da naira 50 da ake cira in tiransifa ta kai dubu 10, ban da kuɗin alat. Data kuwa kunya ma ta hana ni nuna ma kowa shafin, ta ɗari biyu ta ɗari ukku nake saye kusan kullum, ga shi dama tun farkon 2025 an ƙara kuɗin kira da na data, da na tara sai ga dubu bakwai da 'yan kai. Sai ƙulle-ƙulle, man gyaɗa na ɗari biyu, omo na ɗari, magi na ɗari, sikari na ɗari da hamsin, kullum yaro na hanyar shago, in ka haɗa kuɗin man da na saya ƙulli-ƙulli ya isa sayen kwalba biyu da ragi amma abin da ya shiga tukunya bai kai haka ba. Babban abin da ya tada mani hankali shi ne zoɓon da nake ganin ina cin riba, ashe ban taɓa lissafa ƙanƙara da leda da sikarin gida da nake ɗiba ba, da wanda yara ke shanyewa, da na cire su ribar sati ba ta kai kuɗin napep ɗina na zuwa makaranta ba. Shekara biyu ina tashi da asuba a kan wannan.

Inda aka yi ta kuma shi ne asaimen na biyu, wai kasafin gida na wata, a rubuta jimillar abin da ke shigowa gidan. Na bari maigidana ya ci tuwo ya sha ruwa ya miƙe ƙafa a tabarma, na matso da littafina na ce Malam don Allah wata 'yar tambaya gare ni ta makaranta. Ya ce ina jinki. Na ce albashin nan naka nawa ne? Ya ɗago ya dube ni ya dubi littafin, ya ce wace malamar ce ta aiko ki? Na ce maki goma ne fa. Ya ce to ki rubuta mata alhamdu lillahi, ya jawo rediyonshi. Ranar Asabar da muka koma ashe kusan duk matan auren ajin haka suka kwaso, wata ma cewa tai nata ya tambaye ta ko an fara rabon gado ne. Malama tai dariya har da share hawaye, sannan ta ce ai laifin takardar ne, an rubuta ta ne don gidan da miji da mata ke zuba kuɗinsu tukunya ɗaya, mu kuwa ci da sha da sutura da muhalli a wuyan maigida suke, abin da mace ta samu nata ne sai in ta ga dama ta taimaka, don haka kowa ta yi kasafin abin da ke bi ta hannunta, kuɗin cefane daban kuɗin sana'a daban, kar a kuskura a haɗa su jaka ɗaya. Wannan rabawar kaɗai ta gyara mani abubuwa da yawa, yanzu gwangwani biyu gare ni.

Darasin hauhawar farashi shi ma ya shige ni, don da adashe ta koyar da shi. Ta ce a Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8, to ku ɗauki ma kashi 30, dubu ɗarin da kika ajiye ƙarƙashin katifa bayan shekara abin dubu 77 za ta saya maki. Sai ta ce ku goma kuna zubin dubu goma-goma duk wata, ta farko ta kwashi dubu ɗari ta ƙarshe ma dubu ɗari, amma tiyar shinkafar da za su auna ba ɗaya ba ce. Ni kuwa da bakina kullum nake roƙon uwar adashe ta sa ni ƙarshe wai don in ji daɗin ɗauka ba bashi a kaina. Ba ta ce a bar adashe ba, ta ce shi ke hana hannu ɓarna kuma ba ruwa a cikinshi, amma a riƙa juya layin ɗauka, kuma wadda ta ɗauka ta maida shi abu a satin, kar ya kwana kuɗi. Har wata dabara ta ba mu, ka raba 72 da yawan hauhawar sai ya ba ka kusan shekarun da farashi zai ninka, a kashi 34 shekara biyu da ɗan abu kenan, duk wanda ke cefane tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 bai buƙatar a rantse mashi.

Da aka zo babin kuɗin ruwa aji ya ɗauki guna-guni, wani ustazu a gaba ya ce Malama wannan ai riba ce. Ta ce ta sani, amma ku koyi lissafin don ku gane shi in an kawo maku shi da wani suna, musamman masu ba da bashi ta waya. Daga nan ta kawo abin da babu a handawut, bankunan da ba su mu'amala da ruwa irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya zo a 2019, da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2017 ana gina hanyoyi da kuɗin, wai da dubu 10 ma ana shiga, ni da na ɗauka abin manyan alhazai ne. A wurinta na fara jin cewa in banki ya rushe akwai hukumar NDIC da ke biyan masu ajiya, kuma a 2024 an ɗaga abin da take biya zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan nan na maikurofainans. Ta taɓo masu damfarar zuba kuɗi irin MMM ta 2016 da CBEX da ta rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025, ta ce duk wanda ya ce zai ninka maki kuɗi a wata ɗaya ki tambaye shi mi yake saidawa. Amma duk wannan a lakca ɗaya aka tattare shi a gurguje saboda lokaci ya ƙure, zakka kuwa da ya kamata a ce ta samu sati guda, yadda ake fidda ɗaya cikin arba'in in dukiya ta kai nisabi ta shekara, da yadda mai shago zai lissafa kayanshi, ko sau ɗaya ba ta fito a manhajar ba. A Katsina fa.

Wuri ɗaya ne muka saɓa da Malama kuma har yau ban sauka ba. A littafina na watan nan biki biyu, suna ɗaya, gaisuwar rasuwa ɗaya da dubiya asibiti sun ci dubu goma sha takwas har da anko, ita ta ja jan biro ta maida su duka layin sha'awa. Na bi ta ofis na ce Malama anko kam na yarda, amma gudunmawa ba sha'awa ba ce, ranar sunan autana abin da mata suka tara mani shi ya sayi katifar yara, kuma Inna tana da littafin da take rubuta wa ya kawo nawa tun bikin yayata, in nashi ya tashi a maida mashi da ɗan ƙari, wannan in ba ajiya ba ce mi ce ce? Ta yi shiru ta ce ɗiyata kina da magana, amma ajiyar da ba ki iya cirowa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi sai kin jira kin yi biki, ki nemo mata wani suna. Ta ƙara mani maki biyu ta bar jan biron yadda yake. Ni kuma na buɗe ma gudunmawa layi na daban a littafina na sa mashi zumunci.

Jarabawa ba abin faɗi, malamin farko ya fidda rabin tambayoyin, kawo ma'anar kasafi, lissafo amfani biyar na ajiya, haddar handawut dai. Wata da ko littafin kwana 30 ba ta yi da gaske ba na san za ta fi ni maki.

In maki zan ba kwas ɗin, shidda cikin goma, kuma biyar daga ciki na Malama ne. Wadda za ta ɗauka zango mai zuwa ta yi addu'a ita za a ba ajin tun farko, ta kuma nemi tsohon handawut wurin 'yan gaba da ita ta gani ko za a ƙyale ta da shi. Wanda ba ɗalibi ba kuma yake tambayata ko ya nemi irinshi, ni dai ba zan ce ya biya rijista don wannan kaɗai ba, ya fara da littafin tukuna ya ga abin da zai gani.

Zoɓo na ƙara mashi kuɗi na rage girman ƙulli, masu saye sun yi mita sati ɗaya sun haƙura. POS sau biyu nake zuwa a wata yanzu, data ta wata nake sa wa. Adashen da na ɗauka wancan watan, na huɗu aka sa ni wannan karon, na ba ƙanena ya je kasuwar Charanchi ya sayo mani tunkiya da ciki, sauran na auni gero da wake na ci, don Malama ta ja mana kunne cewa awon ci daban awon jiran tsada daban, waɗanda suka ɓoye hatsi da kakar 2024 suna jiran ya tashi da yawansu sun ji jiki da farashi ya faɗo a 2025. Tunkiyar tana nan ɗaure bayan ɗaki, cin dusa gare ta kamar me, kullum sai na tsaya da biro a hannu ina tunanin ko a layin fita zan sa kuɗin dusar ko a na ajiya, jiya dai a gefen shafi na rubuta shi.