Wane faifan Dizzy Gillespie ya kamata ka fara saya?

An haifi Dizzy Gillespie a Cheraw, jihar Carolina ta Kudu a Amurka, a 1917, ya rasu a 1993, kuma kusan duk rayuwarsa busa ƙaho ya yi a kiɗan jazz. Fayafayansa sun yi yawa, mai saye sai ya rasa na ɗauka. Uku ne nake ganin sun cancanci kuɗinka.

Masana za su ce ka fara da "Groovin' High", wanda a cikinsa akwai abin da suka ɗauka da Charlie Parker, mabushin saksofon, a 1945, lokacin da bibop, salon jazz mai sauri, ke tsirowa. Gaskiyarsu, nan ne tushe. Sai dai ɗaukar ta tsufa, sautin siriri ne, kowane kiɗa bai wuce minti uku da 'yan kai ba, ga sauri kamar ana korar su. Sabon kunne zai iya gajiya.

"Jazz at Massey Hall" kuwa wasa ne na gaban jama'a a Toronto, ranar 15 ga Mayu 1953. Manya biyar ne a dandali: Gillespie, da Parker, da Bud Powell, da Charles Mingus, da Max Roach. Zauren bai cika ba, domin a daren ne Rocky Marciano ya yi dambe da Jersey Joe Walcott, hankalin mutane ya koma can. Parker ma da saksofon na roba ya busa. A nan sai ka duba bugun da kyau kafin ka biya: Mingus ya ga ba a jin kiɗansa sosai, sai ya sake kaɗawa ya ɗora a kai daga baya. Akwai bugun da aka cire wannan ƙarin, kuma ni shi na fi so.

Amma in kuɗin na guda ɗaya ne, ɗauki "The Complete RCA Victor Recordings", faifan CD biyu. A ciki akwai babbar ƙungiyar Gillespie tare da Chano Pozo, makaɗin ganga ɗan Kyuba, da kiɗansu "Manteca" na 1947. Wanda ya taso yana jin kalangu zai gane abin da gangar nan ke faɗa tun kafin ƙaho ya shigo. Zamansu tare bai daɗe ba, an harbe Pozo a unguwar Harlem ta New York a ƙarshen 1948.

Faifan garmaho na asali yana da tsada, kuma sau da yawa a ƙarce yake zuwa. Ka fara saurara a intanet, wanda ya kama ka sai ka nemi CD ɗinsa.