Tsohon katin girafik a zafin Yamai: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ɗan yayata ne ya same ni a gida a Yantala bayan an sauko daga Juma'a, waya a hannu, yana nuna mini hotunan katunan girafik uku da aka yi masa talla, wato sashen kwamfuta da ke zana hotunan wasa a allo. Ya ce, "Kawu, wanne zan ɗauka? Kuɗina ba su kai na sabo ba." Amsar da na ba shi ita zan ba duk wanda ke tara jika-jika don haɗa kwamfutar wasa a garin nan. Tsohon kati yana da sauran amfani, amma ba kowanne ba, kuma a Yamai ba ƙarfi kaɗai ake dubawa ba. Sai ka duba wutar da yake sha da zafin da yake fitarwa, domin ɗakin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu ba ya raga wa kati.

Ni dai GTX 1660 Super nake so, ba na ɓoyewa. Kamfanin Nvidia ne ya fitar da shi a Oktoban 2019, ƙwaƙwalwarsa giga 6 ce irin GDDR6, wat 125 yake ja ta igiya guda mai ramuka 8. Shekara biyu ke nan yana cikin kwamfutata. A allon 1080p, eFootball da GTA V da Fortnite suna tafiya sumul, ba tsalle ba maƙalewa. Kamfanin EA ma GTX 1660 ya ba da shawarar a samu don wasansa na ƙwallo FC 24, wannan kuwa ya ɗara shi. Da tsakar rana, fanka ɗaya na kaɗawa a ɗakin, nakan yi awa biyu ina buga ƙwallo ban ji katin ya ɗaga murya ba.

Abin da ya fi ja na gare shi ma ba gudun ba ne, zuriyarsa ce. Ginin Turing gare shi, tsatso ɗaya da katunan RTX 20, shi ya sa Nvidia ba ta yaye shi ba, tana ci gaba da sabunta masa direba, wato manhajar da ke sa kati ya yi aiki da wasanni. Ƴan gidan GTX 900 da GTX 10 kuwa, a Oktoban 2025 aka ba su direban wasanni na ƙarshe, abin da ya rage musu gyaran tsaro ne zuwa 2028. Tun a 2023 alamar ta bayyana, lokacin da wasan Alan Wake 2 ya fito da sabuwar hanyar zana siffofi wadda GTX 10 ba su iya ba: suka riƙa jan ƙafa har sai da aka yi wa wasan kwaskwarima, shi kuwa 1660 ya san hanyar tun daga masana'anta. Yana da iyakarsa. Ba shi da fasahar bin haske ta RTX, ba shi da DLSS, dabarar Nvidia ta ƙara wa wasa gudu, don haka wasa irin Doom: The Dark Ages na 2025 ba zai ma buɗe ba. A sauran manyan wasanni sai ka rage kyan zane, ka kunna FSR, kwatankwacin DLSS na kamfanin AMD, wanda ke aiki a kansa lafiya lau.

GTX 1060 mai giga 6, na 2016, dattijon kirki ne, amma sai in an karya maka farashi sosai. Mai giga 3 kuwa kada ka tsaya ciniki. GTX 750 Ti ya gama zamaninsa. GTX 1080 Ti zaki ne har yanzu, sai dai wat 250 a ɗakinmu murhu ne. GTX 1650 na wanda ke da tsohuwar Dell ko HP ta ofis ne, mai ƙaramin akwatin wuta marar igiyar kati, tunda wat 75 kawai yake buƙata daga ramin da aka soka shi. Wanda kuɗinsa suka kai RX 6600 ko RTX 2060 ba ya cikin wannan lissafin, ya wuce gaba abinsa.

Saura RX 580 na AMD mai giga 8, wanda yake da yawa a kasuwa, ga shi kuma da araha. Shi ne ya ƙona ni. Na saye shi a wata rumfa cikin Disamba, lokacin sanyi, ya yi aiki kamar ba gobe. Da bazara ta kankama sai layuka kore suka fara ratsa allon, fankokin su yi ta ihu, can allon ya yi baƙi ƙirin ana tsakiyar wasa. Na kwance shi a kan tabarma. Man sanyaya da ke kan zuciyar katin ya bushe ya tsage kamar lakar bakin kogi da rani, ƴan katifun da ke kan sassan ajiya sun zubar da maiƙo, farantin katin kansa ya yi ruwan ƙasa a kewayensu. Katin haƙar kuɗin intanet ne, irin waɗanda suka yi shekaru suna ci dare da rana, aka zubo su kasuwannin duniya bayan Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan na intanet, ta daina haƙa da katuna a Satumban 2022. An wanke shi, an sa masa sabuwar riga, an liƙa takarda. Ko da lafiyayye ne, wat 185 yake sha. Kuma da yawa cikin masu yawo yanzu 2048SP ne, wato kusan RX 570 da aka canza wa suna. Na ainihi ƙwayoyin aiki 2304 gare shi, ba 2048 ba.

Wannan ma da sauƙi a kan jabu tsagwaronsa. Akwai masu ɗaukar GTS 450 na 2010, su sauya rubutun da ke cikinsa, Windows ta nuna maka GTX 1050 Ti ɓaro-ɓaro. Sunan da ke allo ba shaida ba ne, kwali ma ba shaida ba ne. Juya katin ka dubi bayansa: in ka ga ramin VGA, shuɗin nan mai ramuka 15, ajiye shi, 1050 Ti na gaske ba ya zuwa da shi. Sannan ka tafi da manhajar GPU-Z, mai nuna ainihin bayanan kati, a filas ɗinka, ba a na mai kaya ba. Na gaske zai nuna ƙwayoyi 768, jabun 192, manhajar takan ma rubuta alamar jabu gaban sunan. 1660 Super kuma 1408 zai nuna. Dubi kan sukurori ko sun ci sukurdireba, juya fanka da yatsa ka ji ko tana gurzawa, kai hanci ka sansana ko akwai ƙaurin ƙuna. A kunna wasa mai nauyi ko FurMark, manhajar gwada juriyar kati, a gabanka na rabin awa, idonka a kan ma'aunin zafi. In ya haura digiri 85 cikin ƴan mintuna, ba da kai ba. In an ce maka an ɗauke wuta, ka saya ka gwada a gida, ka ce za ka dawo in an kawo. Ba a cinikin biri a sama, balle kayan da aka ce in ya fita ba ya dawowa. Ni wannan maganar ce ban tsaya a kanta ba ranar da na sayi nawa.

Akwatin wuta ma haka. Wanda aka rubuta wa wat 500 amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, shi zai kashe maka katin ranar da wuta ta dawo da ƙarfi. Sa regilata tsakaninsa da bango, kuma lokacin hunturu ka riƙa buɗe kwamfutar kana hure ƙura duk wata.

Washegari muka fita da yaron. Mai rumfar farko ya ƙi a soka filas, muka yi masa sai an jima. A ta biyu muka gwada 1660 Super, GPU-Z ta nuna 1408, zafin ya tsaya a 72 bayan rabin awa. Ya so ya sayi madannai masu fitilu da canjin da ya rage, na ce a'a, muka tsallaka layin gaba neman akwatin wuta mai nauyi.